Darasi na 11: Idan Kebul ɗin da ke Haɗa Na'urorin Wi-Fi na Gida Ya Ƙi Aiki

A darasin da ya gabata mun ga yadda ake baza Wi-Fi a babban gida ta hanyar jera na'urori biyu, uku ko fiye, duka da suna ɗaya da lambar sirri ɗaya. Masu sayarwa suna kiran tsarin mesh, wato raga. Mu a aji mun saba kiran na'urar da ke karɓar intanet daga kamfani uwa, sauran kuma 'ya'ya, kuma da haka za mu ci gaba. Darasin yau a kan jijiyar da ke tsakanin uwa da 'ya'yanta ne, abin da za ku ga manhajojin na'urorin suna rubutawa backhaul. Duk abin da wayarku ta aika ko ta karɓa ta hannun ɗa, sai ya bi ta wannan jijiya kafin ya isa ga uwa. In ta lalace, waya za ta nuna Wi-Fi a cike taf, amma bidiyo yana ta juyi ya ƙi buɗewa.

Jijiyar iri biyu ce. Ko dai na'urorin su riƙa magana da juna ta iska, ko a ja musu kebul. A gidajenmu kebul ya fi, nesa ba kusa ba. Faɗin filin da ake rubutawa a jikin kwali cewa na'ura za ta kai, ya fi dacewa da irin gidajen Amurka, inda bangon ciki katako ne da allo marar kauri. Mu kuwa bulon siminti ne, da dakin mai rodi, da ƙofofin ƙarfe. Zangon gigahaz 5, wanda shi ne mai gudu, ba ya jure irin wannan gini. Kafin ya ratsa bango biyu ya galabaita. Ga kuma wani abu: ɗan da ke da rediyo guda a wannan zango, da shi zai saurari wayarku, da shi kuma zai miƙa wa uwa, don haka gudu yakan ragu da kusan rabi duk inda aka yi irin wannan miƙa-miƙa. Kebul ya raba gardama. Sai dai shi ma yana da nasa cututtukan, kuma su za mu koyi ganowa.

Tsarin yana ɓoye ciwonsa

Abu na farko da nake so ya zauna muku ke nan. An ƙera waɗannan na'urori ne yadda in kebul ya mutu, ɗa zai koma iska da kansa, ba ƙara, ba jar fitila. Intanet bai yanke ba, ya dai yi nauyi. Mutanen gida sai su ɗora laifin a kan kamfani, ko a kan hadari, ko a kan yaran maƙwabta da ake zargin sun saci lambar sirri.

An taɓa kirana wani gidan bene a Kano. Uwa tana falon ƙasa, ɗa ɗaya a sama, ɗaya a sashen baƙi can bayan gida, kuma duk an ja musu kebul tun lokacin gini. Ko zama ban yi ba mai gidan ya ce, "Malam, jabu aka sayar mini. Yara a sama kullum ƙorafi. Ka faɗi irin da za a sayo kawai a huta." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni wayar da aka saita su da ita tukuna." A cikin manhajar, kusa da sunan kowane ɗa akwai 'yar alama da ke nuna ta inda yake samun uwa. Na sashen baƙi an rubuta masa Ethernet, wato kebul. Na sama kuwa alamar Wi-Fi ce, da layi ɗaya tal. Muka hau. Ga kebul a jone a bayansa daram, amma ba rai a ciki. Da aka sa tsani aka leƙa cikin rufi, sai ga inda ɓera ya gwigwiye shi, silin a waje kamar gemun masara. Wata nawa na'urar ta yi tana fama da dakin ta iska, Allah masani. Da an biye wa Alhaji, da an bar jaki an doki taiki: sababbin na'urori za su zo su tarar da mataccen kebul ɗin nan, su ma su koma iska.

Saboda haka ganin kebul a jone ba shaida ba ce. Kafin ku taɓa komai, ku buɗe manhaja ku duba abin da ta rubuta a kan kowane ɗa. Sannan ku duba fitilar ƙofar da kebul ya shiga, a jikin na'urar in tana da ita, ko a jikin suwic, wato akwatin nan mai ƙofofi biyar, takwas ko fiye da ke raba layi. Fitila a mace, layi a mace. A yawancin suwic launin fitilar ma yana faɗin gudun da aka daidaita a kai, kuma ana rubuta ma'anar launukan a jikinsa ko a takardarsa.

Gajeren kebul mai raba gardama

Kowane mai gyara ya kamata ya riƙe kebul guda a jaka, mita ɗaya ko biyu, haɗin kamfani, wanda ya gwada ya tabbatar da lafiyarsa. Ba ya ba da aronsa.

Ku ciro ɗan da ake zargi, ku kawo shi kusa da uwa, ku haɗa su kai tsaye da wannan gajeren kebul, ba suwic a tsakani. Ku kunna ku jira minti biyu zuwa uku. Waɗannan na'urori ba sa sauya hanya nan take, kuma gaggawa ta sa mutane da yawa yanke hukuncin da ba shi ba. In manhaja ta nuna ya koma kebul, na'urorin sun wanku, laifin yana cikin bango ko a suwic. In har yanzu yana kan iska, ku manta da bango, matsalar tana ƙofa ko saiti. Da gwaji ɗaya kun zubar da rabin zargi.

In laifin na ƙofa ne ko saiti, abubuwan dubawa ba su da yawa. Ku sauya ƙofa, domin tsawa takan ƙone ƙofa ɗaya ta bar sauran. Ku tabbatar ƙofar da ta dace ce: a tsarin AiMesh na Asus, daga ƙofar LAN ta uwa ake fita a shiga ƙofar WAN ta ɗa, alhali eero da yawancin Deco ƙofofinsu suna gane aikinsu da kansu. Ku sabunta manhajar cikin na'urorin duka su zama a kan zubi ɗaya. In ɗan sabo ne, ku fara gabatar da shi ga uwa ta iska a ɗaki ɗaya, ya shiga jerin manhaja, sannan ku jona kebul. Kuma ku karanta kwali: 'ya'yan Nest Wifi da Google ya fitar a 2019 ba su da ƙofar kebul sam, Deco E4 da Tenda Nova MW3 kuma ƙofofinsu megabit 100 ne iyaka, ko da kebul na zinariya aka ja musu.

Ƙa'ida ɗaya a duk wannan aiki: abu ɗaya ake sauyawa, a gwada, sannan a sauya na gaba. Wanda ya sauya kebul da ƙofa da saiti lokaci guda, ko abu ya gyaru bai san me ya gyara ba, kuma gobe in an sake kiransa daga farko zai fara.

Cikin kebul

A nan za mu daɗe, domin a abin da na gani mafi yawan matsala a nan take.

Ku yanko guntun kebul ku fere bayansa. Za ku ga sili takwas an murɗe su biyu-biyu, kashi huɗu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowanne da abokinsa fari mai ratsin launinsa. Murɗin nan ba ado ba ne. Shi ke kashe hayaniyar lantarki da ke shigowa daga waje, da wadda silin ke yi wa juna.

Gudun megabit 100 sili huɗu kawai yake buƙata, waɗanda ke gurbi na 1, 2, 3 da 6. Gigabit kuwa, wato megabit 1000, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a kan irin wannan kebul a 1999, sai da duka takwas. Daga nan alama mafi amfani a sana'ar ta fito. In sili ɗaya daga cikin 4, 5, 7 ko 8 ya katse ko bai kama ba, layin ba ya mutuwa. Yawancin na'urori sai su sasanta su sauko 100. Ku jona kwamfuta a ƙofa ta biyu ta ɗa ku gwada gudu. In ya tsaya cak a 94 ko 95, safe da yamma, alhali a jikin uwa ya fi haka, to wani wuri a hanya ya sauko 100. Lafiyayyen layin gigabit yana iya ɗaukar kusan 940.

Abin da ya samu sashen baƙin Alhaji ke nan, shi da manhaja ta ce lafiyarsa ƙalau. Na ɗaga kan kebul ɗin a hasken taga. Sili bakwai sun kai ƙarshe, jan ƙarfensu yana ƙyalli a bakin roba, na takwas, ruwan ƙasa, ya tsaya a hanya, haƙorin bai cije shi ba. Sabon kai guda ya gyara shi. Amma a faɗi gaskiya: in abin da gida ke saya daga kamfani megabit 40 ne ko 50, layin 100 bai rage masa komai ba yau. Duk da haka ni nakan gyara, domin kan da aka matse da sakaci a sili ɗaya, ban yarda da sauran bakwai ɗin ba.

Jerin sili a cikin kai iri biyu ne da aka amince da su, T568A da T568B, kuma na biyun aka fi yi. Ku riƙe kan, ɗan harshen makullinsa yana ƙasa, haƙoran suna sama, bakin da kebul ke shiga yana wajenku. Daga hagu: fari mai ratsin lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ku haddace shi kamar lambar wayarku, ku yi iri ɗaya a kai biyun.

Ku lura da koren nan. An raba shi da abokinsa, ɗaya a 3, ɗaya a 6, shuɗi biyu a tsakiyarsu. Mai aikin lantarkin da bai koyi wannan ba yakan ga kamar kuskure ne, sai ya jera kowane sili gefen abokinsa, 1 da 2, 3 da 4, 5 da 6, 7 da 8, ya yi haka a kai biyun, ya ce ai duk ɗaya ne tunda sun yi daidai. Da fitilar ɗaki ce da ya yi gaskiya. A nan kuwa na'ura tana aika saƙo ne ta 3 da 6 tare, kuma yanzu sun faɗo a kan sili biyun da ba a murɗe su da juna ba. A mita biyu abin zai yi aiki. A mita arba'in sai layi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, ko ya sauko, ko ya ƙi sam. Abin takaicin shi ne ƙaramar testar nan mai fitilu takwas ba ta kama wannan kuskure. Za ta haska 1 zuwa 8 a jere ta ce komai daidai, domin ita dai ta san ko wuta ta wuce. Ido ne ke kama shi. Testar tana da amfaninta, tana nuna sili da ya katse, da wanda ya haɗe da wani, da wanda ya sauya gurbi, amma kada ku ɗauki shaidarta ita kaɗai. Kuma wajen matse kai, kada a warware murɗin ya wuce milimita 13, kuma rigar kebul ta shiga cikin kan yadda matsi zai kama ta.

Sai maganar kebul ɗin kansa. Akwai wanda ya cika kasuwa, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. Wani a kwalinsa an rubuta CCA, wani kuwa ba a rubuta komai ba sai Cat6 da manyan baƙaƙe. Alminiyam bai kai jan ƙarfe wuce da wuta ba, kuma yana karyewa in an lanƙwasa shi sau biyu uku, sau da yawa a cikin kai inda ido ba ya gani. Gane shi ba wuya. Ku kankare sili da reza: in cikinsa fari ne, alminiyam ne. Ko ku kara masa laita: alminiyam zai langaɓe ya narke, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Ko ɗaga kwalin mita 305 kuka yi za ku ji ya fi sauƙi a hannu. Araha ba ta ado, balle abin da za a binne a bango a shafe da siminti. Amma kada mai shago ya ruɗe ku ta ɗaya gefen: Cat5e na jan ƙarfe zalla yana ɗaukar gigabit har mita 100, Cat6 ya wadatar, gida ba ya buƙatar Cat8.

Mita 100 ɗin nan ita ce iyaka, 90 a bango, 10 na guntayen da ke kai biyun. In tafiyar ta fi haka, a sa suwic a tsakiya. Kada a cusa kebul a bututu ɗaya da wayar wuta. Wanda zai bi waje kuwa, ranar Maris da Afrilu takan busar da rigar kebul na cikin ɗaki ta tsattsage, damina ta zo ruwa ya shiga. A sayi na waje, a sa shi a bututu. Tsakanin gini da gini, musamman in da tazara, shawarata faiba ce da 'yan akwatunan juyi biyu, ɗaya a kowane gefe. Gilashi ne a cikinta, ba ya ɗauko tsawa ya kawo wa na'ura.

Wa ke gaba, wa ke baya

In kebul lafiya amma ɗa ya ƙi barin iska, ku bi layi da hannu ku zana shi a takarda. Jerin da ya dace shi ne: layin kamfani ya shiga uwa, daga uwa a fita zuwa suwic, daga suwic a raba wa 'ya'ya. Ko kuma daga uwa zuwa ɗa, daga ɗa zuwa na gaba, kamar sarƙa. Wannan ma yana yi, sai dai in na tsakiya ya mutu ya tafi da na bayansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko layi daga rawutar kamfani, wato akwatin da kamfanin intanet ya kawo, a sa a suwic, sannan a jona uwa da 'ya'ya duka a jikinsa kamar sa'o'in juna. A ido ya yi kyau. Amma uwa ita ma rawuta ce, tana da katangarta, ita ke raba adireshi ga duk wanda ke ciki. An ajiye 'ya'yanta a wajen katanga, suna nemanta ta kebul ba sa samu, sai su koma iska, wani lokaci ma su rikita gidan gaba ɗaya. Wannan jeri ba ya halatta sai in an sauke uwa daga matsayin rawuta an mai da tsarin mai baza Wi-Fi kawai, abin da manhaja ke kira AP, kuma sai irin na'urar ya yarda da haka, kamar Deco.

Adireshi yakan tona asiri. Ku duba wanda wayarku ta samu a saitin Wi-Fi. Deco yakan raba masu farawa da 192.168.68, na Google 192.168.86, eero 192.168.4. In waya tana kan Wi-Fi ɗin mesh mai aikin rawuta amma ta samu adireshin rawutar kamfani, kebul ya zagaye uwa. In kuma kuka ga mai farawa da 169.254, babu wanda ya ba ta adireshi, ita ta laƙaba wa kanta.

Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Rawuta biyu a jere suna iya aiki, amma kyamarorin tsaro da wasannin intanet sukan sha wahala. A zaɓi ɗaya ta yi mulki. Masu Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna da saitin da ke sauke rawutarsa ta bar wa uwa ragama. Su kuma sani rawutar zubi na biyu ba ta da ƙofar kebul, sai an sayi ɗan mahaɗi daban. Ta zubi na uku tana da biyu.

Suwic, da layin da ya ciji wutsiyarsa

Uwa da 'ya'ya suna da 'yan saƙonnin da suke gane juna da su. Deco yana bin ƙa'idar IEEE 1905.1 ta 2013, kuma kamfanin TP-Link da kansa ya ce wasu suwic ba sa wuce da waɗannan saƙonni. Intanet zai wuce, gaisuwar uwa da ɗa ba za ta wuce ba. Gwajin a bayyane yake: a cire suwic a haɗa kai tsaye. In ya yi, a sauya suwic. A gida na fi son mai sauƙi, na gigabit, wanda ba a saita masa komai. Mai wayon nan da ake shiga cikinsa a saita, wayonsa ne kan jawo rigima. In shi ke akwai, a gwada kashe saitin tsimin wuta na ƙofofi, wanda ake rubutawa EEE, domin yakan sa layi ɗaukewa yana dawowa tsakanin wasu na'urori, a kuma duba ko an raba ƙofofin gida-gida da VLAN.

Akwai wata cuta da alamarta ta bambanta da duk waɗanda muka ambata: ba ɗa ɗaya ke ciwo ba, gidan ne gaba ɗaya ya tsaya, fitilun suwic duka suna ƙiftawa tare da sauri kamar na gidan biki. Layi ne ya zagayo ya ciji wutsiyarsa. An sami hanya biyu tsakanin wuri biyu, saƙo yana ta kewayawa yana ninkuwa har ya cika layin. Yakan faru in an ja kebul biyu tsakanin na'urori biyu da sunan ƙarin gudu, ko mai shara ya ga kan kebul yana lilo ya jona shi a suwic ɗin da ɗaya kan yake. Ɗa mai kebul da iska a lokaci guda shi ma hanya biyu ne, shi ya sa dole ya rufe ɗaya. Maganin wannan tsohuwar matsala Radia Perlman ce ta fito da shi a 1985 tana aiki a kamfanin Digital Equipment, shi ne STP, wanda ke gano hanyar da ta yi yawa ya toshe ta. Tsohon zubinsa yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe ƙofa, ga wani dalilin yin haƙuri bayan an jona. Rigima takan tashi in suwic mai wayo yana nasa STP ɗin, mesh ma yana nasa. Google ya shawarci masu na'urorinsa su kashe na suwic, su bar shi ya riƙa wuce da saƙonnin kawai. In kun tarar da gida a wannan hali, ku cire kebul duka daga suwic, ku riƙa mayarwa ɗaya-ɗaya kuna jira. Wanda ya shiga fitilu suka haukace, shi ne.

Wuta

Wannan ba za ku same shi a takardar cikin kwali ba. A gidaje da yawa inbata ba ta ɗauke da duka soket. Uwa da 'ya'ya suna kan layin inbata, suwic kuwa yana sito a kan layin NEPA. An ɗauke wuta, suwic ya mutu, 'ya'ya sun koma iska, kuma ba kowanne ke komawa kebul da sauri ba in wuta ta dawo. In aka ce muku intanet yana kyau da safe ya lalace da rana, ku tambayi lokacin da ake ɗauke wuta kafin ku hau tsani. Haka in ana sauyi zuwa janareta komai ya mutu ya tashi tare, ɗa yakan riga suwic farkawa ya kama iska. Uwa da suwic su zauna a layi ɗaya marar yankewa. In za a tayar da tsarin da hannu, akwatin kamfani ne farko, sai uwa, sai suwic, sai 'ya'ya.

Za a tambaye ku ko ba za a iya bi ta wayar wutar gida ba, ko ta kebul ɗin dish, a huta da fasa bango. Na'urorin da ke tura intanet ta soket suna nan, amma inbata da sitabilaiza da makunnin sauyi suna datse musu hanya. Masu bi ta kebul ɗin talabijin kuma, wato MoCA, irin da aka fi sayarwa zangonsu ya faɗa cikin na dish, ba sa zama a kebul ɗaya. Ban cika ba da shawararsu ba.

Aikin aji

1. Manhaja ta nuna ɗa yana kan kebul. Gudu a jikin uwa 180, a jikin ɗa 94 kullum. Kawo dalilai uku da za su iya jawo haka, ka faɗi wanda za ka fara dubawa da hujjarka.

2. Testa ta haska 1 zuwa 8 a jere, amma layin mita 45 yana ɗaukewa. Me za ka duba da ido, kuma me ya sa testa ba ta gani ba?

3. Zana gida mai rawutar kamfani, suwic ɗaya, uwa da 'ya'ya biyu, sau biyu: jerin da ya dace da wanda bai dace ba.

4. Wata Hajiya ta ce intanet ɗin sama yana lalacewa duk ranar da aka tada janareta. Rubuta tambayoyi uku da za ka yi mata kafin ka buɗe jakarka.

Mako mai zuwa aikin hannu ne. Kowa ya zo da kebul mita biyu da kawuna shida, domin na farko da na biyu ba kasafai suke kamawa ba. Wanda ke da guntun kebul da yake shakkar ko alminiyam ne, ya taho da shi mu ƙona a gaban kowa. Filayar matsi da testa akwai su a aji.